Jego Babu Maigida a Kusa

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, mata da yawa a Wad Haddad da ƙauyukan Jazira sun yi haihuwar fari maigida ba ya nan. Na wata yana bakin daga, na wata ya tafi neman abinci Saudiyya. Matar soja ta fi shiga zullumi, domin ba ta san ranar dawowarsa ba, waya kuma sai ta kwana biyu shiru. A da uwa ko gwaggo ke riƙe maijego har arba'in. Yanzu gudun hijira ya watsa dangi, an bar yarinya da jariri da tunani.

'Yar'uwa, kuka babu dalili a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Jiki ne ke sauyawa bayan haihuwa, kuma yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, barci ya ƙi zuwa ko da jariri ya yi barci, abinci ya fita ranki, kina jin kin kasa, ko kina tunanin cutar da kanki, to wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa yana kama kusan mace 1 cikin 5. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ce wa irin wannan mace "yi haƙuri" a wuce. Ciwon ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Ki faɗa wa ungozoma ko likita yadda kike ji, kada ki ɓoye komai.

Ki nemi mace ɗaya da kika yarda da ita ta riƙa kwana tare da ke, ko maƙwabciya ce. Ki sha madidar hulba, wato kunun hulba, amma ki rage kunun kanwa, domin likitocin Zariya sun daɗe da danganta yawansa da ciwon zuciyar masu jego. Nono zalla har wata 6, ku kwana cikin gidan sauro. Zubar jini mai yawa, zazzaɓi ko matsanancin ciwon kai, asibiti nan take.

Kai kuma maigida, in ka samu waya, kada ka tsaya a tambayar yaro. Ka tambayi uwarsa yadda ta kwana, ka saurare ta.