Daga Kano Zuwa Jidda A Jirgin Sama

A zamanin da, in mutum ya yi niyyar hajji daga ƙasar Hausa, sai ya yi sallama da iyalinsa kamar ba zai komo ba. Ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya ƙetare kogin Nilu, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa. Waɗansu sukan yi shekaru a hanya, waɗansu kuwa a can suka zauna.

A shekarar 1925 jiragen sama suka fara sauka Kano. Yau alhaji yakan tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya sauka a filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda aka buɗe a 1981, duk cikin yini ɗaya.

To, bari mu auna tafiyar. Tsakanin filayen nan biyu, in an miƙe sosai, akwai wajen kilomita 3,400, watau kamar mil 2,100. Wannan ya fi nisan Kano zuwa Zariya sau 20. Babban jirgi kuwa yakan ci wajen kilomita 850 cikin sa'a guda. In kun raba 3,400 da 850, sai ku sami 4. Amma jirgi ba ya sakin gudu sa'ad da yake hawa ko sauka, saboda haka a ƙara rabin sa'a. Tafiya ta zama sa'a huɗu da rabi ke nan.

Lissafin nan ba kullum yake cika ba. Iska in ta biyo bayan jirgi sai ta rage masa lokaci, in ta tare shi ta gaba sai ta ƙara. Kuma hanyar ta ratsa Cadi da Sudan ne. Da yaƙi ya tashi a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jirage suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙaru.

Saura abu guda wanda yakan ruɗe matafiyi, shi ne agogo. Jidda tana gabas da mu, rana tana riga fitowa can. Don haka agogonsu yana gaba da namu da sa'a biyu. In jirgi ya tashi Kano ƙarfe 10 na safe, zai sauka agogonka yana nuna 2 da rabi, na mutanen Jidda kuwa 4 da rabi. Kai kana zaton azahar ce, su ko sun yi la'asar. Wajen komowa, in ya tashi Jidda ƙarfe 10, zai iso Kano 12 da rabi na rana.

Ku riƙe wannan: lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da aka ambata ne. Da saukarka ka gyara agogonka, kada ka makara ga salla, ko jirgin komowa ya tashi ya bar ka a ƙasar baƙunci.

Tambayoyi

1. Kilomita nawa ne tsakanin Kano da Jidda?
2. Don me agogon Jidda yake gaba da na Kano?
3. In jirgi ya tashi Kano ƙarfe 8 na safe, ƙarfe nawa zai sauka bisa agogon Jidda?