Fita Daji da Damina

Kowace shekara da zarar ruwa ya zauna, sai gardama ta tashi a kan fita yawon buɗe ido. Ɗalibai suna so a tafi, iyaye kuwa suna cewa a bari sai kaka. Ni dai ban ga laifin iyayenmu ba, gama wanda ya haifa shi ya san abin da yake tsoro. Amma a ganina mafi yawan abin da ke samun mai fita daji da damina, rashin sani ne ke jawo shi. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta ɗan abin da na koya a ƙungiyar Sikawut ta makarantarmu, wadda mukan fita da ita yini guda, wani lokaci kuma mu kwana ɗaya ko biyu, a wajejen Dutsen Kufena kusa da Wusasa a Zariya.

Da farko dai, mene ne amfanin fitar? Hausawa sun ce gani ya kori ji. A aji malamin labarin ƙasa ya sha yi mana bayanin zaizayar ƙasa, amma ban gane ba sosai sai ran da na ga jan ruwa yana gangarowa daga dutse yana yanka kwazazzabo a gefen gona. Daga saman Kufena kuma mutum yakan hangi gonaki kore shar, da rimayen Zariya, da kufan tsohuwar ganuwa. Ita kanta ƙungiyar Sikawut da irin wannan fita ta soma, lokacin da Baden-Powell ya kafa zango da yara 20 a wani ɗan tsibiri a Ingila cikin 1907.

To, abu na farko da za a koya shi ne duban sama. A ƙasarmu hadari yawanci daga gabas yake tasowa. In ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta soma kaɗawa, to, ruwa ya kusa, kuma ba a jira sai ya sauko kafin a nemi mafaka. Tun kafin a bar gida ma ya kamata a saurari hasashen yanayi a rediyo. Cikin watan Agusta kuwa, lokacin marka, gara a yi fitar yini a dawo, domin ruwa yakan wuni yana zuba, ba a samun sararin shanya ko bargo.

Abu na biyu shi ne tsawa, kuma ita ce ta fi kome haɗari. Haske ya fi ƙara sauri, ita kuwa ƙara takan yi tafiyar kilomita 1 cikin kamar sakan 3. Saboda haka in ka ga walƙiya sai ka soma ƙirga. Idan ka ji tsawa kafin ka kai sakan 30, hadarin bai fi nisan kilomita 10 ba, kuma aradu na iya faɗowa inda kake. Aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a wuri. Don haka wanda ke kan dutse ya sauko nan da nan, kada kuma kowa ya fake gindin rimi ko giginya da ke tsaye ita kaɗai a fili. Tanti yana tare ruwa, amma ba ya tare aradu. Mafaka ta ƙwarai ita ce ginannen ɗaki ko cikin mota a rufe. In babu ko ɗaya, a gangara wuri mai ƙasa wanda ba hanyar ruwa ba, a warwatsu, kada a cunkushe wuri guda. Ba a koma kan dutse sai an yi minti 30 da jin tsawa ta ƙarshe, sa'an nan a taka a hankali, don jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi.

Abu na uku, wurin kafa zango. Kafin a buga ko turke ɗaya, a je a gai da mai unguwa a nemi izni. Mutanen ƙauye sun san inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi, wanda ya riga ka kwana kuwa dole ya riga ka tashi. A zaɓi tudu, a guji fadama da bakin rafi kome kyan yashinsa. Na taɓa ganin wata ƙorama da safe ruwanta bai kai idon sawu ba, kafin la'asar ta cika ta batse tana jan itatuwa, alhali ko yayyafi ba a yi a inda muke ba. A can sama aka yi ruwan. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa yana iya kayar da babban mutum, balle yaro. In an tarar da rafi ya kawo, a zauna a jira ya janye, ko da za a makara. A juya ƙofar tanti yamma, a ba gabas baya, a shimfiɗa tamfol a ƙasa, a ɗaure igiyoyi tamau.

Abu na huɗu, guzuri da kaya. Kowa ya ƙulle tufafi ɗaya busassu cikin leda, kada ya taɓa su sai za a kwanta. Ashana ma a leda za ta zauna. Da isa a tara ƙirare a rufe, domin jiƙaƙƙen itace hayaƙi kawai yake yi. A riƙe abincin da ba ya bukatar wuta, kamar garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyar gyaɗa. Ruwan sha kuwa a zo da shi daga gida, in ya ƙare a tafasa wanda aka samu. Gaskiya ne tun 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu, amma amai da gudawa suna nan, kuma da damina suka fi yaɗuwa. Kada a yi wanka a kududdufi, don a nan ake ɗaukar tsargiya.

Abu na biyar, sauro da macizai. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, saboda haka ba a kwana daji babu gidan sauro. Macizai irin su kububuwa da kasa sukan ɓuya cikin ciyawa da ƙarƙashin duwatsu. A sa takalmi rufaffe, a riƙe tocila da dare, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar masa da hankali, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa.

Akwai kuma hakkin manoma. Lokacin da muke yawon shan iska, su abincin shekara suke nema. Kada a ratsa cikin shuka, kada a karya masarar kowa, a kuma kwashe leda da gwangwani kafin a tashi.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, in an kawo muku takardar neman izni, ku tambaya wane malami ne zai raka yaran, ina za su kwana, akwai ginin da za su fake kusa, da wace mota za a kai mara lafiya asibiti. In amsa ta gamsar da ku, ku sa mana albarka mu tafi. In ba ta gamsar ba, ku hana, mu kuma ɗalibai kada mu yi fushi, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, amin.