Darasin Labarin Ƙasa da Tarihi: Funafuti, Babban Birnin Tuvalu

Kowace shekara idan muka zo kan darasin manyan biranen duniya, ɗalibai sukan yi saurin kawo Landan da Alƙahira da Nairobi. Amma da na ce a nuna mini Funafuti a taswirar bango, sai aji ya yi tsit. Ba laifinsu ba ne. Ko a babbar taswira, garin bai wuce ɗigon alƙalami a tsakiyar shuɗin teku ba. Duk da haka shi ne babban birnin Tuvalu, ƙasa mai mulkin kanta, wadda ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2000. Na zaɓi in yi rubutu a kansa a mujallar bana domin labarinsa yana nuna mana yadda ƙasar da mutum yake takawa da ruwan da yake sha suke juya tarihinsa. Mu da muke zaune kusa da dajin Falgore da madatsar ruwa ta Tiga, akwai abin da za mu koya.

Inda garin yake

Ku ɗauki taswira ku nemo Tekun Fasifik. Ku sa yatsa ɗaya a kan Ostireliya, ɗaya a kan Hawai. Wajen tsakiyar hanya tsakanin su biyu, a nan Tuvalu take, kimanin kilomita 1,000 arewa da Fiji. Tana cikin yankin da ake kira Polinisiya, kalmar da ta fito daga Helenanci, ma'anarta tsibirai masu yawa. Nisan ya kai har agogonsu yana gaban namu da awa 11. Idan ƙarfe 12 na rana ta yi a Tudun Wada, a Funafuti ƙarfe 11 na dare ne.

Tuvalu tsibirai 9 ce, kuma idan aka haɗa faɗin ƙasarta duka, murabba'in kilomita 26 ne kawai. Dajin Falgore shi kaɗai zai haɗiye ta fiye da sau talatin. Mutanen ƙasar wajen 11,000 ne, fiye da rabinsu kuwa a Funafuti suke zaune.

Funafuti ba dunƙulallen tsibiri ba ne. Ku ɗauka an ajiye tsinken tsakiya a zagaye a kan tabarma. Kowane ɗan dutsen tsakiya ƙaramin tsibiri ne, sun haura 30, filin da ke tsakiyarsu kuma tafkin ruwan gishiri ne. Sunan tafkin Te Namo, faɗinsa murabba'in kilomita 275. Wato ya fi tafkin Tiga, wanda yake wajen 178. Amma busasshiyar ƙasar da ta kewaye shi murabba'in kilomita 2.4 ce tak. Mafi girma a cikin ƙananan tsibiran shi ne Fongafale. Tsawonsa kilomita 12 ne, amma inda ya fi faɗi bai wuce mita 400 ba, a wani wurin ma yaro zai jefa dutse daga wannan gaɓa ya faɗa ruwa a waccan. A nan ne unguwar Vaiaku take, inda ofisoshin gwamnati suke.

Yadda tsibirin ya samu

A cikin teku mai ɗumi akwai waɗansu ƙananan halittu da suke gina wa kansu gida mai tauri kamar farar ƙasa. Shi ne murjani. Idan suka mutu gidan yakan zauna, 'yan baya su yi gini a kansa. A shekarar 1842 wani masani na Ingila, Charles Darwin, ya kawo bayani cewa irin waɗannan tsibirai masu kamar zobe, asalinsu dutse ne mai aman wuta. Murjani ya kewaye gindinsa, dutsen yana nutsewa sannu a hankali, murjanin kuma yana ta hawa sama don ya sami haske, har dutsen ya ɓace, zoben ya saura.

Funafuti aka zaɓa don a gwada wannan magana. Ƙungiyar masana ta Ingila mai suna Royal Society ta aiko da masu haƙa a 1896 da 1897 da 1898. A ƙarshe sun kai zurfin mita 340, ba su tarar da komai ba sai dutsen murjani. Wannan ya ƙarfafa bayanin Darwin, domin murjani mai gina tsibiri ba ya rayuwa a irin wannan zurfi, sai dai in ƙasan ce ta nutse da shi. Sai a 1952, a wani tsibiri mai suna Enewetak, aka haƙa fiye da mita 1,200 aka iske dutsen aman wutan kansa.

Abin lura a nan shi ne, garin da ke kan murjani ba shi da tudu. Duwatsun Riruwai sun haura mita 1,000 bisa teku. A Tuvalu kaf, babu wurin da ya kai mita 5. Yawancin Fongafale wajen mita 2 ne.

Ga ruwa, ga ƙishirwa

Ruwan sama da ke sauka a Funafuti a shekara ya kai wajen milimita 3,500, kusan ninki uku na namu. Amma babu kogi, babu rafi, babu ƙorama. Ƙasar rairayi ce da tsakuwar murjani, ruwa na sauka take shanye shi. Wanda ya haƙa rijiya kuwa, ruwa mai gishiri zai samu. Saboda haka kowane gida yana da indararo a bakin kwanon rufi da tankin tara ruwan sama. Ranar da sama ta ɗauke, tanki ya soma raguwa.

Haka ta faru a shekarar 2011. Fari ya yi tsanani har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Satumba. A Funafuti aka riƙa ba kowane gida bokiti biyu a rana. Sai da Niyu Zilan da Ostireliya suka kawo injunan tace ruwan teku a jiragen sama.

Noma ma haka yake da wuya. Babban abincinsu kifi ne da kwakwa da wani irin gwaza da suke kira pulaka. Don a shuka shi sai an haƙa rami har a kai danshi, a riƙa zuba ganye yana ruɓewa ya zama taki. Irin waɗannan ramuka gādonsu ake yi, kamar yadda muke gādon gona.

Tarihin garin

Bisa ga labarin da mutanen Funafuti suka gāda daga kakanninsu, waɗanda suka fara zama a wurin daga Samowa suka zo cikin kwalekwale. A 1819 wani matuƙin jirgin ruwa, Arent de Peyster, ya ratsa ta wurin ya sa masa suna Ellice, sunan wani attajiri na Ingila. Daga baya Turawa suka riƙa kiran tsibiran duka da wannan suna.

Bishara ba Bature ne ya fara kai ta ba. A 1861 wani dikin mai suna Elekana, mutumin Manihiki a tsibiran Cook, iska ta kwashe kwalekwalensu, suka yi mako takwas a teku kafin suka faɗa tsibirin Nukulaelae, kudu da Funafuti. Da ya farfaɗo sai ya soma koya wa mutane. Daga baya ya tafi Samowa ya yi karatu a makarantar Malua. A 1865 Rabaran A. W. Murray na Ƙungiyar Mishan ta Landan ya zo da malamai 'yan Samowa, su ne kuwa suka riƙe aikin shekaru masu yawa. Yau mafi yawan mutanen ƙasar suna cikin Ekalesia Kelisiano Tuvalu. Ku lura da kalmar farko. Ita ce Ikkilisiya tamu, tushensu ɗaya a Helenanci.

Tsakanin zuwan Elekana da zuwan Murray wani babban bala'i ya auku. A 1863 jiragen masu neman 'yan ƙwadago na ƙasar Peru suka zo. Suka kwashe wajen mutum 250 daga Nukulaelae da wajen 170 daga Funafuti, tsibiran da mutanensu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. A Nukulaelae an yaudare su da alkawarin za a kai su inda za a koya musu addini. Kusan babu wanda ya komo. Mu a ƙasar Hausa mun san labarin harin bayi, amma a nan akwai duwatsu da dazuzzuka da ake gudu a ɓuya. Su kam ba su da wurin gudu.

Ingila ta sa tsibiran ƙarƙashin kariyarta a 1892. A 1916 aka haɗa su da tsibiran Gilbert a mulki ɗaya, ko da yake harshe da al'ada ba ɗaya ba ne. A 1974 mutanen Ellice suka jefa ƙuri'a suka zaɓi rabuwa. Suka sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1978, Toaripi Lauti ya zama Firayim Minista na farko, Funafuti kuma ta zama babban birni. Kun ga ke nan rana ɗaya muke bikin 'yanci da su.

Kududdufan yaƙi

A watan Oktoba 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka suka sauka a Funafuti don su tare Japan. Suka sassare itatuwan kwakwa, suka shimfiɗa filin jirgin sama a tsakiyar Fongafale, a kan wuraren da ake noman pulaka. Jiragen Japan suka riƙa kawo hari a 1943. A watan Afrilu na shekarar mutane da yawa suka fake a majami'a, wani sojan Amurka ya lallashe su suka fita, ba a jima ba bam ya faɗa wa ginin. Har yanzu suna tunawa da ranar kowace shekara.

Amma abin da ya fi bam daɗewa shi ne ramuka. Kowa ya san kududdufi a garuruwanmu, inda aka ɗebi ƙasar gini aka bar rami, ruwa ya kwanta, shara ta taru, sauro ya hayayyafa. To, don a gina filin jirgin, an haƙa irin waɗannan manyan ramuka guda goma a Fongafale. Yaƙi ya ƙare, sojoji suka tafi, ramuka suka zauna. Da gari ya cika, mutane suka kafa gidaje a bakinsu, har a kan ruwan. Sai a 2015, da taimakon Niyu Zilan, aka yaso rairayi daga tafki aka cike su, filin da ake amfani da shi ya ƙaru da kashi 8 cikin 100. Ramin da aka haƙa cikin 'yan watanni, sai da aka yi fiye da shekara 70 ana fama da shi.

Filin jirgin kuwa yana nan. Da yake shi ne fili mafi girma a garin, da yamma a kansa ake ƙwallo da hira. Idan jirgi zai sauka daga Fiji sai a busa jiniya kowa ya kauce.

Teku na matsowa

Guguwar teku tsohuwar abokiyar gāba ce. A watan Oktoba 1972 guguwar da aka sa wa suna Bebe ta rushe kusan tara cikin goma na gidajen Funafuti. Amma yanzu akwai wata damuwa mai tafiyar hawainiya. Hayaƙin masana'antu da motoci na duniya yana ƙara zafi, ƙanƙarar ƙarshen duniya tana narkewa, ruwan teku yana ƙaruwa. A Tuvalu ya hau kimanin santimita 15 a cikin shekara 30. Rabin rula ke nan, amma ga ƙasar da tsayinta mita 2 ne, ba ƙaramin abu ba ne. Wajen Fabrairu da Maris, sa'ad da teku ya fi cika, ruwan gishiri yakan ɓuɓɓugo ta cikin ƙasa a tsakiyar gari, ya shiga ramukan pulaka ya ƙone su.

Ɗalibin kirki ba ya tsayawa a gefe ɗaya na magana. A 2018 masana daga Jami'ar Auckland sun gwada hotunan sama na 1971 da na 2014, suka ga faɗin ƙasar Tuvalu ya ɗan ƙaru, domin igiyar ruwa tana tara rairayi da tsakuwa a gaɓa. Sai dai tarin tsakuwa ba gona ba ne, kuma ba ya hana gishiri shiga ƙasa.

Mutanen ba su naɗe hannu ba. Sun yaso rairayi sun yi sabon fili mai tudu, wajen hekta 7, a bakin tafki. A 2023 suka gyara tsarin mulkinsu, suka rubuta cewa Tuvalu za ta ci gaba da zama ƙasa ko da teku ya ci filinta. A wannan shekara kuma suka ƙulla yarjejeniya da Ostireliya, wadda ta ba mutum 280 izinin ƙaura can kowace shekara. Da aka buɗe rajista a 2025, dubbai suka nema.

Abin da ya shafe mu

Dattawan Bebeji da Tudun Wada sun san abin da ake nufi da ruwa ya rufe gona da kushewar iyaye, domin sa'ad da aka gama madatsar Tiga a 1974 an tashi ƙauyuka. Amma su tudu suka hau, a cikin ƙasarsu, a tsakanin masu jin harshensu. Mutumin Funafuti ba shi da tudun da zai hau.

Mu Allah ya ba mu fili mai faɗi, shi ya sa muke ganin kamar ba zai ƙare ba. Ana sare itatuwan daji don gawayi, ana ɗibar yashi a bakin kogi, ana barin kududdufai a tsakiyar gari. Kogin Kano ta dajin Falgore yake bi kafin ya zuba a Tiga. In daji ya tafi, laka za ta bi ruwa ta cike madatsa. Abin da ya bayyana a Fongafale da sauri saboda ƙanƙantarsa, zai bayyana a nan ma, sai dai a hankali. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Aikin ɗalibai

1. A taswirar duniya, ku nuna Tuvalu da Samowa da Fiji da Peru.
2. Me ya sa garin da ya fi mu samun ruwan sama yake fama da ƙarancin ruwan sha?
3. Ku tambayi wani dattijo a garinku yadda kududdufin unguwarku ya samu, ku rubuta abin da ya faɗa.
4. Ku fita filin makaranta ku auna mita 400 da taku. Ku tsaya a tsakiya, ku ɗauka teku ne a gabanku, teku a bayanku.