Tseren Kan Dutse

Mu nan Gagarawa Tasha ba mu da duwatsu, sai jigawa. Amma can ƙasar Turai akwai wani dogon dutse, sunansa Mont Blanc. Tun shekarar 2003 ake yin tseren ƙafa ana kewaya shi. Nisan tseren wajen kilomita 170 ne, ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan. Gwanaye sukan gama cikin awa 20. Waɗansu sai sun kusa kwana biyu. Da yawa sukan gaza a hanya.

Mai son shiga tseren nan yakan yi watanni yana shiri a kan hanyar dutse. Yakan fara da gajeren zango, kowane mako ya ƙara kaɗan. In hawa ya yi tsanani sai ya bar gudu ya yi tafiya, yana dogara sanda. Gangara ta fi hawa wahalar da cinya, saboda haka yakan koyi gajeren taku. Yakan saba da ci da sha yana tafe, da tafiyar dare da fitila. Ran hutu kuwa ya huta.

Wanda ya yi gaggawa sai ya ji ciwo, wahalarsa ta tashi a banza. Mu ma mun san haka. Ba mu ɗaura wa sabon sa garma mu ce ya wuni yana huɗa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi
1. Kilomita nawa ne nisan tseren?
2. Don me ake gajeren taku a gangara?