Yadda za a hana gansakuka kama ƙarfen magudanar ruwa

Manoman rani na bakin Tafkin Kainji, daga Wara har Yauri, sun san wahalar gansakuka: tana toshe rariyar bakin mesa, ta lulluɓe murfin magudana, ko da na ƙarfen da ba ya tsatsa ne. Abu uku ke rayar da ita: hasken rana, ruwan da ya kwanta, da takin da ke zurarowa daga gona.

Don haka a yi wa magudana inuwa da zana ko kwano. A ba ta gangara don kada ruwa ya kwana a ciki, a kuma tare takin zamani da kashin dabbobi daga shiga.

Kowane mako a goge ƙarfen da burushin roba tun santsi bai yi kauri ba. A guji soson ƙarfe, domin yana karce fuskar ƙarfen, gansakuka ta sami wurin maƙalewa, tsatsa ta biyo baya. Kada a zuba bilic: yana cin ƙarfen, yana kuma kashe kifi idan ya gangara tafki. In an gama ban ruwa, a ciro rariyar ta bushe a rana.