Kafin a haƙa harsashin rumfar jirgin sama, a fara auna wutsiya

Yawancin masu zuwa ofishinmu da maganar gina rumfar jirgin sama, takardar fili suke fara shimfiɗa mana a tebur: ga tsawo, ga faɗi, a zana abin da zai shiga. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne, wane jirgi ne zai shiga, kuma kwana kawai zai yi ko kwance shi za a yi a gyara? Amsar nan ce ke yanke girman ginin.

Mu ɗauki Boeing 737-800, wanda ba baƙo ba ne a filayen jiragenmu. Faɗin fukafukansa mita 35.8 ne, tsawonsa mita 39.5, wutsiyarsa kuma ta tashi mita 12.5 daga ƙasa. Wanda bai san aikin ba sai ya ce ƙofa mai faɗin mita 36 da tsayin mita 13 ta wadatar. Wallahi ba ta wadatar ba. Jirgi ba ya shiga rumfa da injinsa, motar ja ce ke shigar da shi sannu a hankali, ga ma'aikata suna takawa ƙarƙashin bakin kowane fiffike suna yi wa direba ishara. Da zarar fiffike ya gogi bango, jirgin ya zauna ke nan sai an bincika an sa hannu. Shi ya sa muke barin sararin mitoci a kowane gefe.

Wutsiya ce ta fi kayar da masu zane. Idan za a gwada naɗewa da saukowar ƙafafun jirgi, sai an ɗora shi kan jak, tayoyinsa sun bar ƙasa, wutsiyar kuma ta ƙara sama. A can saman akwai fitilu, bututun kashe gobara, ƙugiyar ɗaga kaya da ƙarafan da ke riƙe da rufi. Don haka tsayin da ake lissafawa yana farawa daga daɓe ne ya tsaya a kan abin da ya fi komai sauka ƙasa daga rufin. An taɓa kawo mini wani zane in duba, na tarar an auna tsayin har zuwa kwano, an manta da kaurin ƙarafan rufin. A takarda jirgin ya shige, a zahiri kuwa da wutsiyarsa ta kwana a waje. Idan kuɗi ba su kai a ɗaga rufin gaba ɗaya ba, ana iya yanka wa wutsiyar doguwar ƙofarta a tsakiya.

Ita ma babbar ƙofar rumfar tana da nata ci. Gambunan da ake turawa gefe suna bukatar inda za su tsaya. In ba a tanada musu wuri a wajen bango ba, sai su cinye faɗin mashigar.

Sannan jirgin da aka kwance ya fi wanda ke tsaye cin wuri nesa ba kusa ba. Wannan 737 ɗin yana iya ɗaukar kujeru 189, kuma a babban gyara ana fitar da su. Ina za a jera su? Ina za a sauke inji, ina tsani da dandamalin hawa za su tsaya? Ga ɗakin taya da birki, ga na batir, ga sito mai sanyi, ga wurin killace kayan da suka lalace don kada su cuɗanya da masu lafiya. Masu bincike na hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, suna duba irin waɗannan kafin su amince da wurin gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne gina wa jirgin yau kaɗai. A Kano, manyan jirage ne ke jigilar alhazai. Boeing 747-400 faɗinsa mita 64.4 ne, wutsiyarsa mita 19.4, Boeing 777-300ER kuma tsawonsa ya kusa mita 74. Rumfar da aka yanka daidai 737 ba za ta karɓe su ba har abada. Ba na cewa kowa ya gina babba, amma a bar fili a baya da gefe, a yi bangon da za a iya cirewa, kada kuma a kafa ginshiƙi a tsakiya.

A waje ma akwai lissafi: filin juya jirgi a gaban ƙofa, da tsayin ginin don kada ya tare wa hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage gani ko ya shiga sararin tashi da sauka. A ƙasarmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take kwaso ƙura, kuma ƙura abokiyar gabar injin da aka buɗe ce, saboda haka in fili ya ba da dama a kawar da ƙofa daga wannan fuska.

Don Allah, duk mai niyyar wannan gini, ya zaunar da injiniyan gyaran jirgi tare da mai zane tun ranar farko, kundin ma'aunin jirgin yana buɗe a gabansu, kafin a biya kuɗin buhun siminti ko ɗaya.