Amsa-kama ta Sauti: Kalmomin da ke Tafiya da Rijiya da Turmi

Gabatarwa

Saussure, a littafinsa da aka buga a 1916, ya nuna cewa babu wata alaƙa ta dole tsakanin furucin kalma da ma'anarta, ya kuma ɗauki kalmomin kwaikwayon sauti a matsayin ƴan tsiraru. Amma a harsunan Afirka suna da yawa, har Doke ya keɓe masu suna a 1935. A nahawun Hausa muna kiransu amsa-kama. Wannan darasi ya taƙaita ga masu kwaikwayon sauti kaɗai.

Siffofinsu

Na farko, yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, amma waɗannan sukan ƙare da baƙi: tim, fir, tsulum, cakwal.

Na biyu, suna auna girman abu. Tsakuwa in ta faɗa rijiya, tsulum take yi. Ƙato in ya faɗa tafki a damina, sai a ce funjum. Ba a musanya su.

Na uku, ninki yana nuna maimaici: ruwa na zuba ɗis-ɗis daga indararo, goro na ƙaras-ƙaras a baki.

Na huɗu, akan ɗaga murya wajen furta su fiye da sauran jimla, abin da rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa.

Inda matsalar take

Kalmar sauti tana rayuwa ne muddin kunne yana jin sautin. A Matameye da ƙauyukan Kance, fanfo yana maye gurbin guga, injin niƙa kuma yana rage lugude. Yaron da bai taɓa jin guga ta taɓa ruwa a ƙasan rijiya ba, tsulum za ta zame masa kalmar littafi, in ma ya same ta a littafin. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da yawa, amma shekarunsa sun haura 90. Turawan Ingila sun yi irin wannan aikin ceto: Joseph Wright ya tattara kalmomin kare-karen Ingilishi cikin mujalladi 6 tsakanin 1898 da 1905.

Akwai kuma tambayar karin harshe. Inda Bakano ke cewa fita, Basakkwace hita yake cewa. Shin amsa-kama tana bin wannan sauyi, ko kwaikwayon sauti yana kare ta? Matameye, da ke tsakanin Daura da Damagaram, wuri ne da ya dace a gwada.

Aiki ga ɗalibi

In ka je hutu, kada ka tambayi tsohuwa jerin kalmomi. Roƙe ta tatsuniya, ka naɗi muryarta da izininta. Rubuta kowace amsa-kama da jimlarta, da karin sautinta, da tsawon wasulanta, da sunan garin. Kalma 10 daga kowane ɗalibi sun isa mu soma ƙamus.